Stationary da stationery: wanne ne na kayan rubutu, kuma me ya haɗa su tun asali?

Tambaya: Malam, na buɗe shagon kayan makaranta da na ofis, mai fenti ya rubuta mini "Stationaries" a allon shagon. Wani malamin makaranta da ya zo sayen alli ya ce kuskure ne, wai "stationery" ake rubutawa. Ni kuwa a kunnena duk ɗaya nake jin su. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa suka yi kama haka?

Amsa: Allah ya sa albarka a shagon, ɗan'uwa, ya kawo kasuwa. Malamin nan gaskiya ya gaya maka, kuma kuskure biyu ne a allon, ba ɗaya ba: akwai na wasali, akwai na jam'i. Ka kira mai fentin ya mayar da shi "Stationery", ko "Books and Stationery" idan kana sayar da littattafan karatu. In kuwa sunan masu sana'ar kake so a rubuta, to "Stationers" ne, kuma shi wannan jam'insa daidai yake.

Stationery mai harafin e suna ne, ma'anarsa kayan rubutu: takarda, ambulan, biro, fensir, tawada, rula, fayil, littafin rubutu da danginsu. A ofisoshi kuma sukan yi amfani da shi musamman ga takardar wasiƙa mai ɗauke da tambarin kamfani ko ma'aikata. Stationary mai harafin a kuwa sifa ce, ma'anarta abin da yake tsaye wuri ɗaya, ba ya motsi. Idan jarida ta ce bas ta afka wa "a stationary lorry", tana nufin babbar motar a tsaye take lokacin da aka buge ta.

Kada ka zargi kunnenka. Baturen Ingila da aka haifa cikin harshen ma ba ya jin bambancinsu, domin babu bambancin da za a ji. Turanci yana da ɗabi'ar danne wasalin da murya ba ta sauka a kansa ba. A waɗannan kalmomi biyu a gaɓar farko murya take sauka, saboda haka mutumin Landan yakan haɗiye wasalin kusa da ƙarshe, ko a ne ko e, ya ce wani abu kamar "siteshinri". Ba'amurke yakan furta gaɓar, amma "eri" yake cewa a duka biyun. Mu da muka saba a Hausa ana karanta kowane wasali yadda aka rubuta shi, sai mu riƙa tsammanin kunne zai raba mana gardama. A nan ba zai raba ba. Ido ne kawai da sanin ma'ana suke aiki.

Kamar da suka yi ba haɗuwar hanya ba ce, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A harshen Latin na Rumawa akwai aikatau "stare", wato tsayawa. Daga shi aka samu "statio", wurin tsayuwa ko wurin da aka ajiye mutum ya yi aiki, daga nan kuma aka samu "stationarius", wato mai alaƙa da wannan wuri. A daular Rum akwai sojojin da ake kira da wannan suna, waɗanda ake girkewa a mararrabar hanyoyi da garuruwa su tsare matafiya daga 'yan fashi, su kama masu laifi, ba sa bin runduna zuwa yaƙi. Zuriyar wannan saiwa tana da yawa a Turanci: state, status, statue, stable, station. Kalmar stand ma 'yar'uwarsu ce, sai dai ita ba ta Latin ta biyo ba, ta tsohon harshen kakannin Ingilishi ta gangaro. Hatta "stan" da ke ƙarshen Pakistan da Afganistan, wanda a Farisanci yake nufin wuri ko ƙasa, daga wannan tsohon tushe yake. Mu ma mun samu rabonmu, domin "tasha" da muke cewa daga station muka aro ta.

Mai harafin a ita ta fara shiga Turanci a matsayin sifa, wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma a bakin masu ilimin taurari aka fara jin ta. Idan mutum ya sa ido a kan duniyar Mars dare bayan dare, yana auna ta da taurarin da ke bayanta, zai ga tana matsawa gabas a hankali. Sai wani lokaci ya zo tafiyar ta yi ta raguwa, har ta zama kamar ta tsaya cik na 'yan kwanaki. Daga nan ta juya ta yi yamma na wasu makonni, ta sake tsayawa, sannan ta koma tafiyarta ta gabas. Wannan yakan faru kusan duk bayan wata 26. Waɗancan kwanaki na tsayuwa su ne masana na wancan zamani suke cewa duniyar ta zama stationary. A haƙiƙa ba ta tsaya ba. Duniyarmu ce take wuce ta a zagayen rana, shi ya sa ido yake ganin haka.

Abin da yake burge ni shi ne wannan ma'ana ta "tsayuwa ga ido" ba ta bar kalmar ba har yau. Tauraron ɗan'adam da ake cewa geostationary yana can sama da layin da ya raba duniya kudu da arewa, wato equator, da nisan kilomita 35,786, yana gudun kusan kilomita 3 a kowace daƙiƙa. Amma da yake zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya, ga wanda ke ƙasa kamar an kafe shi ne a wuri guda. Shi ya sa ake saita dish sau ɗaya a ɗaure, ba sai an riƙa juya shi ba. Tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1R, da aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, irin wannan ne. Ɗaliban lissafi kuma sun san stationary point, wurin da layin zane ya daina hawa bai fara sauka ba. Akwai kuma keken motsa jiki da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, stationary bike. Labarin wannan kalma miƙaƙƙe ne, ba ta taɓa yin nisa da gida ba.

Ta kayan rubutun ce ta yi doguwar tafiya, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce: me ya haɗa takarda da biro da tsayuwa? Amsar ita ce ba kayan ne suke tsaye ba, mai sayar da su ne.

A Turai ta wajen ƙarni na 12 da na 13, yawancin ƙananan 'yan kasuwa 'yan koli ne, su ɗauki kaya daga wannan kasuwa zuwa waccan, yau suna nan gobe sun yi gaba. Wanda yake da rumfa ko shago tabbatacce, inda in ka dawo bayan wata uku za ka same shi, shi ake kira stationarius a Latin ɗin wancan zamani. Kalmar tana iya hawa kan kowane mai shago, amma sai ta liƙe wa masu sana'ar littafi, kuma jami'o'i ne suka jawo haka.

Lokacin babu injin buga littafi, sai wajen 1450 Gutenberg ya fito da nasa a Jamus. Kowane littafi da hannu ake kwafe shi, yawanci a kan fatar da aka kankare aka busar, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Ga jami'o'i irin su Bolonya a Italiya da Paris a Faransa da Oxford a Ingila sun cika da ɗalibai masu neman littafi ɗaya a lokaci ɗaya, na shari'a ko na addini ko na likitanci. Idan aka bar kowa ya kwafa daga kwafin abokinsa, kuskure zai yi ta haihuwar kuskure, kafin shekara goma littafin ya zama wani abu dabam. Sai jami'o'in suka fito da wata dabara. A samu ingantaccen kwafi guda, malamai su duba shi su tabbatar, a damƙa shi hannun mai shagon da ya yi wa jami'a rantsuwa. Ba a ɗinke kwafin, ana barinsa kashi-kashi, kowane kashi 'yan ganyayyaki, ana kiransa "pecia". Ɗalibi ya zo ya biya kuɗin haya da jami'a ta yanke, ya ɗauki kashi na farko ya je ya kwafa ko ya ba marubuci ya kwafa masa, ya dawo da shi ya karɓi na biyu. A daidai lokacin wani ɗalibin yana riƙe da kashi na biyar, wani da na tara. Ta haka littafi ɗaya yake wadatar da mutane da yawa a tare, kuma kowa daga tushe ɗaya yake ɗiba. Wanda ya taɓa ganin yadda littattafan malamanmu na zaure suke a warware cikin gafaka, ana iya zare ganye a ba almajiri ya je ya rubuto, zai gane tsarin nan da nan.

To ka ga irin wannan aiki ba zai yiwu da ɗan koli ba. Dole a samu mutumin da aka san ƙofarsa, wanda za a mayar wa kashi, wanda jami'a za ta iya kamawa ta ci tara idan aka samu kwafinsa da ɓarna ko ya ƙara kuɗi. Zamansa wuri ɗaya shi ne jarinsa, shi ne amanarsa, shi ya sa ya zama sunansa. Da kalmar ta shiga Turanci sai ta zama stationer. Kuma da yake mai kwafe littafi yana buƙatar fata da tawada da alƙalamin gashin tsuntsu, a shagon nan ɗin yake sayen su.

Duniyar Musulunci ta riga Turai samun irin wannan sana'a. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa akwai kasuwar warraƙai, masu sayar da takarda su kwafi littafi su ɗinke su sayar. Bambancin shi ne Larabawa sun raɗa wa mai sana'ar suna daga hajarsa, waraƙ, wato takarda, Turawa kuwa daga zamansa.

A Landan masu wannan sana'a sun taru a kewayen babbar majami'ar St Paul. A 1403 hukumar birnin ta amince masu kwafe littattafai da masu yi musu ado da masu ɗinki da masu sayarwa su kafa ƙungiya ɗaya, wadda daga baya aka san ta da Stationers' Company. Da William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, sannu a hankali masu buga littafi suka shigo ƙungiyar har suka mamaye ta. A 1557 Sarauniya Mary ta ba ƙungiyar takardar izini ta sarauta, wadda ta sa kusan duk buga littafi a Ingila ya koma hannun 'ya'yanta. Sarautar ba don Allah ta yi ba. Lokacin rikicin addini ne tsakanin Katolika da Furotesta, kuma fada tana son wanda zai sa mata ido a kan abin da ake bugawa. Aka ba shugabannin ƙungiyar ikon shiga shaguna su bincika, su ƙwace littattafan da aka haramta, su ƙona. Su kuma ladansu shi ne babu ɗan waje da zai yi gogayya da su a kasuwa.

A cikin ƙungiyar akwai rajista. Wanda ya samu rubutun wani littafi sai ya je ya biya ɗan kuɗi a rubuta sunansa da na littafin, daga ranar babu wani ɗan ƙungiya da zai buga shi sai shi. Ka lura, haƙƙin na mai bugawa ne, ba na wanda ya rubuta littafin ba, kuma ba shi da wa'adi, ana sayar da shi ana gadonsa. Dokar da ta tsare musu wannan gata ta faɗi a 1695, majalisa ta ƙi sabunta ta. Bayan sun yi ta kai kuka, a 1710 aka yi dokar da ake kira ta Sarauniya Anne, wadda ta ba marubuci haƙƙin sabon littafinsa na shekara 14, da ƙarin wasu 14 idan yana raye. Ita ake ɗauka a matsayin dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani, kuma dokokin ƙasashen da Ingila ta mulka, har da Nijeriya, daga wannan zuriya suka fito. Ƙungiyar tana nan har yau a Landan da zaurenta kusa da St Paul. Na kawo wannan ne don ka san sunan da za a rubuta a allonka ba ƙaramin suna ba ne, akwai lokacin da masu shi su ne suke riƙe da ƙofar ilimin ƙasa guda.

Yaya aka yi sunan ya sauko daga nan ya tsaya a kan biro da ambulan? Sana'ar ce ta bunƙasa ta rarrabu. Mai injin bugawa ya zama printer, mai sayar da littafi ya zama bookseller, mai ɗinki ya zama bookbinder, daga baya mai ɗaukar nauyin wallafa ya zama publisher. Kowa ya ɗauki sabon suna ya tafi, tsohon sunan ya rage wa wanda ya ci gaba da sayar da takarda da tawada da alƙalami. Zuwa tsakiyar ƙarni na 17 an fara bambanta stationer da mai sayar da littafi. Hajarsa kuma ana ce mata "stationery wares", wato kayan stationer, har a farkon ƙarni na 18 aka yar da kalma ta biyu aka bar stationery ita kaɗai. A 1786 gwamnatin Ingila ta kafa ofishin da ake kira His Majesty's Stationery Office don ya riƙa samar wa ma'aikatu takarda da tawada da sauran kayan aiki, daga baya ya zama mai buga takardun gwamnati.

A nan asirin harafin e yake. Stationery ba kai tsaye daga Latin ta zo ba, a cikin Turanci aka ƙera ta: stationer, aka ɗafa masa y a ƙeya. Haka Turanci yake yi wa sana'o'i da yawa. Baker ya ba da bakery, potter ya ba da pottery, grocer ya ba da grocery, confectioner mai alewa ya ba da confectionery. A kowace ɗaya za ka ga mai sana'ar a zaune cikin kalmar da "er" ɗinsa. Ita kuwa stationary ɗafa-ƙeyarta "ary" ce, wadda ta fito daga "arius" na Latin, irin ta sifofi kamar temporary, ordinary, necessary, voluntary. A tsofaffin takardun Ingila, kafin ƙamusoshi su daidaita ƙa'idar rubutu, ana cin karo da kayan rubutun ma an rubuta su da a. Amma yau ƙa'idar ta zauna daram, babu ƙamus na kirki, na Ingila ko na Amurka, da ya yarda a musanya su.

Malaman makaranta sukan koyar da dabarar tunawa: e ta envelope, ko "er" ta paper. Ba laifi, tana aiki ga yara. Ni dai na fi son ɗalibi ya riƙe mutumin. Ka tambayi kanka, akwai mai sayarwa a bayan kalmar nan? In akwai, stationer ne, ƙara masa y. In babu, maganar tsayuwa ake yi, mai harafin a ce. Wanda ya riƙe wannan ya samu riba biyu, domin ba zai ƙara rubuta confectionery ba daidai ba, wadda ita ma allunan gidajen burodi da yawa suke rubutawa da a.

Saura maganar jam'i. A daidaitaccen Turanci stationery suna ne na tarin kaya, ba a ƙirga shi, ba a sa masa s, ba a cewa "a stationery". Ajinsu ɗaya da furniture, equipment, luggage, information. In ana son a ƙirga sai a ce "an item of stationery" ko "stationery items". Na san a Nijeriya "stationeries" ta cika gari, a alluna da rasitai har da takardun ofis, kuma dalilin a fili yake: mu a harsunanmu muna cewa kaya mu ce kayayyaki, mutum yana kallon shago cike da abubuwa iri-iri, zuciyarsa ba ta yarda ya kira su da tilo ba. Ba na ganin wannan a matsayin jahilci, kuma a kasuwa babu wanda zai kasa gane ka. Amma mai duba jarrabawar WAEC ko NECO zai ja masa jan layi, kuma idan ka rubuta takardar neman kwangilar kai kaya makaranta ko ma'aikata, wanda zai karanta yana iya auna ka da ita tun kafin ya duba farashinka. A irin waɗannan wurare ka tsaya kan daidaitacciyar ƙa'ida.

Akwai wani wuri da yake rikita har waɗanda suka san cewa ɗaya suna ce ɗaya sifa. Turanci yana ajiye suna gaban wani suna ya yi masa bayani, kamar "shoe shop" ko "phone shop". Don haka "stationery shop" da "stationery store" da "stationery supplier" duk da e ake rubuta su, ko da yake kalmar ta zauna a mazaunin sifa. In ka rubuta "stationary shop", abin da ka ce shi ne shagon da ba ya motsi. Kuma kada ka dogara da kwamfuta ko waya ta gyara maka, domin duka rubutun biyu kalmomi ne na gaskiya, sau da yawa ba za ta ja layi a ƙarƙashin ko ɗaya ba. Kafin ka buga rasit ko hatimi ko katin shago, ka karanta da idonka harafi-harafi, don gyaran abin da aka riga aka buga dubu ya fi gyaran allo tsada.

Wata 'yar'uwarsu ta uku da nake yawan gani ana cakuɗawa da su a rubutun ɗalibai ita ce stationed. Idan aka tura soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan aiki wani gari, cewa ake yi "he is stationed in Kaduna", wato can aka girke shi. Yana iya yini yana zirga-zirga a cikin garin, ba a tsaye yake ba, don haka stationary ba ta shiga nan.